Ciwo a Zaure, Magani a Nesa: Shekara Ɗari ana Neman Hanyar Ceto Masu Jarabar Ƙwaya

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Yau za mu waiwayi tarihin wata annoba da ta shigo mana zango ba da sallama ba, wato jarabar ƙwayoyin nan na tiramol da kodin da danginsu. Daga Nima ta Accra zuwa zangon Kumasi, daga Garwa da Marwa zuwa Njamena, da wuya a sami unguwar da babu gidan da ake kuka a ɓoye saboda wani yaro ko wata yarinya. Akwai al'ummomin da suka riga mu shiga wannan ruwa da shekara ɗari. Sun gwada kurkuku, sun gwada kai masu ciwo nesa da gari, sun gwada tsoratarwa, kuma sun binne mutane masu yawa kafin su gane abu guda: yawan waɗanda ake cetowa yana tafiya ne daidai da kusancin magani da inda mai ciwo yake kwana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga yadda labarin ya kasance.

TUSHEN CIWON

Asalin waɗannan ƙwayoyi wata fulawa ce da aka daɗe ana nomawa a ƙasashen Asiya, wadda idan aka tsaga ƙoƙon 'ya'yanta takan zubar da farin ƙaro. Wannan ƙaro shi ne ofiyom. A farkon ƙarni na 19 wani matashin mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin da ya fi ƙarfi a cikinsa, aka sa masa suna mofin. A 1832 aka ware kodin a Faransa. A 1898 kamfanin Bayer ya kawo hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari. Mai karatu ya riƙe wannan: da sunan maganin tari hiroyin ta fara shiga gidajen mutane, kamar yadda kwalbar kodin ta shiga namu bayan shekaru fiye da ɗari.

Duk danginsu aiki ɗaya suke yi. Suna sauka a wasu gurabe a cikin ƙwaƙwalwa, su kashe zafin ciwo, su kawo wata irin natsuwa, su kuma rage saurin numfashi. Idan mutum ya daɗe yana sha, jiki yakan saba, abin da ya ishe shi jiya ba zai ishe shi yau ba. Ranar da ya rasa kuwa, sai azaba ta taso: gumi, amai, zawo, ciwon ƙashi, rashin barci. Wannan takan lafa cikin kwanaki, amma ƙishirwar ƙwayar takan zauna a zuciya watanni, wani lokaci shekaru. Idan kuma sha ya wuce kima, numfashi ne yake yin ƙasa har ya tsaya. Ta nan mutuwa take zuwa.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFAR LIKITAN UNGUWA

A Amurka ta ƙarshen ƙarni na 19, da yawa daga cikin waɗanda mofin ta kama matan aure ne da tsofaffin sojoji, waɗanda likita ne ya fara ba su don wani ciwo. Likitan unguwa shi ne kuma yake lallaɓa su, yana ba su gwargwado suna ci gaba da harkokinsu. A 1914 aka kafa dokar Harrison, wadda ta sa wa sayar da waɗannan magunguna rajista da haraji. A 1919 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa likitan da ya rubuta wa mai jaraba mofin don kawai ya riƙe shi cikin kwanciyar hankali ba aikin likita ya yi ba. Daga nan aka shiga kama likitoci, dubbai suka gurfana gaban shari'a, sauran suka tsorata suka daina karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

Hukumomin wasu birane sun ga abin da zai biyo baya, suka buɗe ƙananan asibitoci kimanin 40 inda ake bai wa masu jaraba mofin a ƙarƙashin idon likita. Wanda ya fi suna shi ne na garin Shreveport a jihar Louisiana, wanda Dakta Willis Butler ya jagoranta. Mutanensa suna zuwa su karɓi magani su wuce wurin aiki, alƙalai da 'yan sandan garin ma suna goyon bayansa. Duk da haka jami'an gwamnatin tarayya suka matsa har aka rufe shi a 1923. Da rufe irin waɗannan wurare, mai ciwo ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai ta dillalin bayan layi. Wanda jiya ake kira majinyaci ya wayi gari ana kiransa mai laifi, gidajen yari suka cika.

GONA A BAYAN GARI

Da gidajen yari suka yi maƙil, sai gwamnati ta yanke shawarar gina wuri na musamman. A 1935 aka buɗe wata katafariyar cibiya a Lexington cikin jihar Kentucky, rabinta asibiti rabinta kurkuku, kewaye da gona mai faɗi da garken shanu. A 1938 aka buɗe ta biyu a Fort Worth. Tunanin shi ne a ɗauke mutum daga inda ya lalace, a raba shi da ƙwaya, ya yi watanni yana noma yana shan iska mai kyau, sannan a mayar da shi gida sabon mutum. Wasu kotu ce take aiko su, wasu kuwa da ƙafarsu suke zuwa. Mutumin New York sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya isa.

A cikin gonar abin yakan yi kyau. Mutum ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Da aka bi sawun mutanen New York da aka sallama daga Lexington, binciken da aka wallafa a 1962 ya nuna cewa kusan tara cikin goma sun koma ruwa, yawancinsu cikin 'yan watanni. Dalilin a fili yake. An yi wa mutum magani a inda babu abokansa na da, babu dillali, babu bashi, babu rashin aiki, sannan aka mayar da shi tsakiyar duk waɗannan shi kaɗai, likitansa yana can wata uwa duniya. Shekara talatin ana wannan zagaye.

MAGANIN DA YA MAYAR DA MUTUM BAKIN AIKI

Wata likita mai suna Marie Nyswander ta yi aiki a Lexington tana matashiya, ta ga wannan zagaye da idonta. Daga baya ta koma New York tana duba masu jaraba a unguwar talakawa ta Harlem, kuma a 1956 ta rubuta littafi tana kira da a ɗauki mai jaraba a matsayin majinyaci. Littafin ya faɗa hannun Dakta Vincent Dole, masanin yadda jiki ke sarrafa abinci a cibiyar bincike ta Rockefeller. A 1964 su biyun, tare da wata matashiyar likita Mary Jeanne Kreek, suka fara gwaji da mutum biyu da hiroyin ta daɗe da kamawa.

Sun fara da mofin, abin bai yi ba. Mutanen suna zaune a gaban talabijin suna jiran allura ta gaba. Sai suka juya ga metadon, wani maganin ciwo da aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930. Shi ma ɗan dangin ne, amma halinsa daban. Ana shansa ta baki sau ɗaya a rana, yana shiga jiki a hankali, yana fita a hankali, ya zauna a guraben nan na ƙwaƙwalwa ya hana su kuka. Idan an daidaita ma'auninsa mutum ba ya buguwa, ba ya kuma jin azabar rashi. Cikin makonni mutanen biyu suka sauya: ɗaya ya koma zane, ɗaya ya nemi a bar shi ya ƙarasa makaranta. A 1965 likitocin suka wallafa sakamakon mutum 22, yawancinsu sun koma aiki ko karatu.

An yi ta sukar su da cewa sun musanya ƙwaya da ƙwaya ne kawai. Dole yakan kwatanta abin da mai ciwon sukari da allurarsa: ciwo ne mai daɗewa, ana riƙe shi ne da magani a ci gaba da rayuwa. Binciken shekaru masu yawa a ƙasashe daban-daban ya tabbatar cewa wanda yake kan wannan magani haɗarin mutuwarsa yakan ragu da kusan rabi, ko fiye.

Sai dai gwamnati ta ba da hannun dama ta karɓe da na hagu. Ƙa'idojin 1972 da dokar 1974 sun killace metadon a cikin cibiyoyi na musamman masu lasisi. Likitan unguwa ba shi da ikon rubuta shi don jaraba, kantin magani ba shi da ikon bayarwa. Dole mai ciwo ya je kusan kullum da sassafe ya bi layi ya sha a gaban ma'aikaci. Mai zama a ƙauye sai ya yi tuƙin sa'o'i, ko ya haƙura. An sami maganin, amma an rataye shi inda hannun da yawa ba ya kaiwa.

SHEKARA ƊAYA, HANYA BIYU

Shekarar 1996 ta raba hanya tsakanin ƙasashe biyu. A Faransa, cutar ƙanjamau tana cin masu yi wa kansu allurar hiroyin, gawawwakin waɗanda suka sha fiye da kima suna ƙaruwa. Gwamnati ta ɗauki matakin da ya bai wa maƙwabtanta mamaki. Akwai wani magani mai suna bufranofin, wanda aka haɗa a Ingila a shekarun 1960. Yana aiki irin na metadon, amma tasirinsa a kan numfashi yana da iyakar da ba ya wucewa, don haka haɗarinsa ya fi sauƙi. Daga watan Fabrairun 1996 aka bar kowane likita a Faransa ya rubuta shi, ba tare da wani lasisi na daban ba, majinyaci ya karɓa a kantin maganin unguwarsu, yawanci na mako guda-guda. Cikin 'yan shekaru dubun-dubatar mutane suka shiga magani. Tsakanin 1995 da 1999 mace-macen shan da ya wuce kima suka ragu da kashi 79 cikin 100. Akwai wasu dalilan da suka taimaka, kamar buɗe cibiyoyin metadon da rarraba allurai masu tsabta, kuma an sami waɗanda suka riƙa karkatar da maganin zuwa kasuwar bayan fage. Amma ko masu suka sun yarda cewa rayukan da aka ceto sun fi ɓarnar yawa nesa ba kusa ba.

A wannan shekarar ce kuma a Amurka kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, yana tallata wa likitoci cewa haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600, amma aikin gama ya gama. Ƙwayar ta mamaye garuruwan masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu, mutanen da aikin ƙarfi ya bar musu ciwon baya da na gaɓoɓi. Da aka tsaurara rubuta ta sai suka koma ga hiroyin, daga nan kuma fentanil ta shigo, wadda ta ninka hiroyin ƙarfi sau da yawa.

Ƙwayar da ke kisa tana ko'ina, maganin da ke ceto kuwa yana da shinge. Dokar 2000 ta yarda likita ya rubuta bufranofin a ofishinsa, amma sai ya yi horo na sa'a takwas, ya nemi izini na musamman, kuma kada ya wuce majinyata 30. An ɗaga adadin zuwa 100 a 2006, zuwa 275 a 2016. Gundumomi da yawa na karkara ba su da ko likita ɗaya mai wannan izini. Ƙaramar jihar Vermont ce ta nuna wata dabara daga 2013, tsarin uwa da rassa: 'yan manyan cibiyoyi suna karɓar waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, idan sun daidaita a miƙa su ga likitocin garuruwansu, a haɗa wa likitocin ma'aikacin jinya ɗaya da mai ba da shawara ɗaya ga kowane majinyata 100. Jerin masu jiran magani da ya kai ɗaruruwa ya narke cikin 'yan shekaru.

Sauran ƙasar sai da ta ga uwar bari. A 2021 mace-macen ƙwaya suka haura 100,000 a shekara guda, kuma a wannan shekarar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar na masu wannan jaraba yake samun magani. A watan Disambar 2022 aka soke izinin nan na musamman gaba ɗaya, shekara 26 bayan Faransa.

Haka labarin nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke cikin mintoci. An amince da shi tun 1971, amma ya zauna a asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya, alhali mutane a ɗaki da banɗaki suke mutuwa. A 1996 wani mai suna Dan Bigg da ƙungiyarsa a Shikago suka fara miƙa shi hannun masu shan da 'yan'uwansu, domin su ne suke wurin a lokacin da abin ke faruwa. Sai a watan Maris na 2023 aka yarda a sayar da shi a kanti ba tare da takardar likita ba. A 2024 mace-macen suka sauko zuwa kimanin 80,000. Masana suna lissafa dalilai da yawa, kuma yaɗuwar nalokson da sauƙin samun magani suna cikinsu.

DA ABIN YA ZO NAHIYARMU

Tunanin kusanto da magani ga jama'a ba baƙo ba ne a Afirka. A 1949 Dakta Tijjani al-Mahi ya buɗe asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kartum ta Arewa, kuma ya shahara da neman haɗin kan malamai masu ba da magani maimakon yaƙar su. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: majinyaci ya sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya je a duba shi da rana, ya kwana cikin mutane. Duniya ta zo ta koya a wurinsa.

A fagen jarabar dangin ofiyom kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka metadon da bufranofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba a 2005. Tanzaniya ta buɗe cibiyar metadon a asibitin Muhimbili na Darussalam a watan Fabrairun 2011, da ta ga nisa yana kayar da majinyata sai ta buɗe wasu a unguwannin Mwananyamala da Temeke. Senegal ta buɗe tata a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, ita ce ta farko a Afirka ta Yamma.

Amma ciwon yankinmu ya zo da wata fuska. Tiramadol, wanda muke kira tiramol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fito da shi kasuwa a 1977. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wadda ake shigo mana da ita ta ɓarauniyar hanya tana ɗauke da 120, ko 225, ko 250. Ban da jaraba, yawan shanta yana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Masu shanta da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan acaɓa ne, da mai dako, da mai haƙar zinariya, da manomi, masu neman jikinsu ya jure aikin da ya fi ƙarfinsa, kamar dai masu haƙar kwal na Amurka. Yadda abin ya yi nisa, a 2013 wasu masana suka sanar cewa sun gano tiramadol a saiwar itacen tafashiya a arewacin Kamaru, aka ɗauka itacen ne yake yin sa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mutane ne suke sha, suna kuma bai wa shanun noma, fitsari ya kai shi cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa.

Binciken da Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin asibiti na dangin ofiyom ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda, kuma cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce. A 2018 Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC, Indiya kuma ta tsaurara fitar da tiramadol. 'Yan kasuwa suka sauya launi. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai yake turo wata sabuwar ƙwaya mai haɗin tafentadol zuwa Ghana da Najeriya da Kwaddibuwa, har mutanen Tamale suka kafa 'yan sa-kai suna farautar dillalai. Darasin 1914 ya sake dawowa: toshe hanya ɗaya ba tare da buɗe ƙofar magani ba, sabuwar hanya yake haifarwa.

To ina ƙofar maganin? A Ghana, dokar 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa daga ɗauri zuwa tara, wannan ci gaba ne. Amma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu. Daga Tamale zuwa Accra kimanin kilomita 600 ne. Uwar da ba ta da kuɗin mota da na masauki sai ta nemi abin da ke kusa, abin da ke kusa kuwa sau da yawa gidan mari ne. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai su ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rashin wata ƙofar ce. Sai dai tsarewa tana da wani haɗari da ba kowa ya sani ba. Wanda aka raba da ƙwaya da ƙarfi jikinsa yakan manta sabon da ya yi, ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba sai numfashi ya tsaya. Wani bincike a jihar Washington ta Amurka da aka wallafa a 2007 ya gano cewa a makonni biyu na farko bayan fita daga kurkuku, haɗarin irin wannan mutuwa ya ninka na sauran jama'a sau 129.

ABIN DA TARIHI YA BAR MANA

Ba kowane mai shan tiramol ne yake buƙatar metadon ba. Da yawa abin da suke buƙata shi ne a rage musu a hankali a ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya, a yi maganin ciwon jikin da ya kai su ga ƙwayar, a riƙa ganinsu mako-mako. Metadon kansa yana kisa idan aka sha shi ba bisa ma'auni ba, don haka ba abin sayarwa a tire ba ne. Kusanto da magani yana nufin kusanto da mai ilimin bayarwa. Hanyar tana nan: tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci su iya duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da na shaye-shaye, kuma Ghana tana da ɗakunan shan magani na CHPS a ƙauyuka da unguwanni, waɗanda za su iya zama rassa idan an ba su uwa.

Ta fuskar rigakafi ma tarihi ya yi magana. A 1983 aka fara wani shiri a Los Angeles inda 'yan sanda ke shiga aji suna tsoratar da yara, ya bazu ko'ina a Amurka, amma da aka auna shi a shekarun 1990 aka tarar bai rage shaye-shaye wani abin a-zo-a-gani ba. Ƙasar Aisland ta bi wata hanya: ta sa iyaye suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, ta sa lokacin da yaro zai shiga gida da dare, ta zuba kuɗi a wasanni da sana'o'in bayan makaranta, tana kuma auna halin kowace unguwa a kai a kai. Yaran shekara 15 zuwa 16 da suka bugu da giya cikin watan da ya gabata sun sauko daga kashi 42 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Abin da suka kashe kuɗi suka gina, wato unguwar da kowa ya san ɗan kowa, mu a zango gadonsa muka yi.

Saboda haka idan sarkin zango, ko shugabar mata, ko ƙungiyar matasa suka sami zama da ɗan majalisa ko jami'in lafiya na gunduma, akwai buƙatu na zahiri da za su iya ajiye masa: a horar da ma'aikaci ko da ɗaya ne a asibitin unguwa, a ware ranar da ake duba masu wannan ciwo cikin sirri, a tanadi mace da za ta duba mata, a ajiye nalokson inda hannu zai kai, a haɗa ƙaramin asibitin da babba don masu ciwo mai tsanani. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasashen da muke zaune, kuma wanda bai yi magana ba, ba a sa shi a lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A cikin gida kuwa, Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun kafin Dole da Nyswander su shiga ɗakin bincike: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya shirya mana zuriya, ya bai wa masu ciwo lafiya.